Wada Mai Agashe da Ƙofar Tasha

Ni magini ne, kuma magini ba ya ƙaunar mutumin da ba ya gini. Shi ya sa gidan su Wada ya daɗe yana ba ni haushi, tun muna yara muna wasa a kwata ɗaya a gefen garin Gadarif. A unguwarmu, duk wanda Allah ya buɗa masa ko da kaɗan ne, abin da zai fara shi ne ya kwashe guttiya, wato bukkar ciyawar nan tamu mai tsinin kai, ya ɗora jan bulo. Su kuwa ko kusa. Damina ta ci ciyawa su sake ciyawa, gara ta ci itace su sake itace, haka suke har yau.

Ba talauci ba ne, wasiyya ce. Kakan Wada, Malam Taha, ya taso da ƙafa daga wani ƙauye a ƙasar Katagum da niyyar Makka. Ya yi shekaru a hanya, da ya iso nan guzuri ya ƙare. Sai ya ce bari ya yi yankan riɗi na kaka ɗaya, ya samu na jirgin ƙasa zuwa bakin teku. Kaka ɗayan nan ita ta haifi 'ya'ya da jikoki. Da mutuwa ta zo masa ya tara iyalinsa ya ce su matafiya ne, kada wani a gidansa ya ɗora bulo a kan bulo, kada ya dasa itace, har sai an isa.

To, mu ma kakanninmu ta wannan hanyar suka zo, kuma kusan kowane gida akwai irin wannan magana. Amma a bakin tsofaffi take zama. Ubana da ruwa ya rushe masa bukka a kan yara, cewa ya yi Allah ya san niyya, ya tafi ya koyi gini. Malam Sale, mahaifin Wada, shi ne ya riƙe maganar da hannu biyu. Dogo ne, siriri, ba ya faɗa da kowa, ba ya kuma sauka daga kan magana. In ka gaishe shi ka ce, "Malam, yaya gida?" sai ya ce, "Muna hanya, alhamdu lillahi." In ka tambaye shi yaushe za a tashi, sai ya ce baɗi, in riɗi ya yi kyau. Riɗi ya yi kyau sau nawa a garin nan, ni dai ban ga ya ɗaure kaya ba.

Wada shi ne babban ɗansa namiji. Bai yi nisa a makaranta ba. Ya yi tsinkar auduga a Fau, ya yi yankan riɗi da dawa a gonakin mutane, har ya gaji da kwana a ƙarƙashin mota. Daga nan ya sauka Hawata wurin wani mai nama, ya koyi agashe, wato tsirenmu na nan. Da ya dawo sai ya kafa tebur kusa da inda manyan motoci suke tsayawa. Ba zan yaba masa a kan abin da ba nasa ba, hira ba ta cikin baiwarsa, sai ku wuni tare bai yi magana goma ba. Amma hannunsa a nama, wannan kam sai shi. Yakan yanka shi fale-fale, ya shafe da ƙuli da yaji, ya jera tsinkunan kewaye da garwashi, ba a kai ba, don zafi ya gasa hayaƙi bai taɓa ba. Ya auri Sharifa, wadda kisirarta, wato wainar dawar nan tamu mai faɗi, ta fi takarda sirantaka, ga ta da baki. Shi yana gashi, ita tana aiko da kisira da miya daga gida. In hadari ya taso su kwashe kaya a guje, in ya wuce su dawo su sake hura wuta. Abin da Wada yake so a duniya bai wuce wurin da ruwa ba zai kore shi ba.

A bayan unguwarmu akwai wata ƙaramar tashar jirgin ƙasa, mu mahatta muke ce mata. Jirgi ya daina bi ta nan tun gemunmu bai gama fitowa ba. Ginin jan bulo ne na zamanin da, mai kauri, irin aikin da in na duba nakan ji kunyar nawa. Akwai babban zauren jira, da ɗan ɗakin sayar da tikiti mai taga, da ƙofa biyu. Ɗaya tana kallon gari, tana da ƙyauren ƙarfe. Ɗayar tana kallon layin dogo, faffaɗa ce, jaki da kayansa zai wuce bai goga ba, kuma ba ta taɓa samun ƙyaure ba. Awaki da jemagu ne suka gaji wurin. Mutum ɗaya ne yake zuwa, Malam Sale, da la'asar yakan shimfiɗa buzunsa a bakin wannan ƙofar yana jan carbi, yana kallon ƙarafan da ciyawa ta rufe.

Wada ya yi ta zirga-zirga wurin masu kula da layin har suka ba shi hayar ginin. Wannan shi ne mai sauƙin. Mai wuyar yana gida. Ya ɗauke ni muka je tare, wai don in shaida cewa ba sabon gini za a yi ba. Ya durƙusa ya ce, "Baba, ba ni na gina ba, na tarar da shi a gine. Gyara kawai Usta Osman zai yi."

Tsoho ya dube ni, don ni ne Usta Osman ɗin, usta kuwa a nan gwanin sana'a ake ce wa. Can ya ce, "Tasha ai gidan matafiya ce. A nan Baba ya yi niyyar hawa jirgi. In a nan za ka ciyar da mutane, na sa albarka. Amma ƙofar wajen dogo ba a rufe ta. Ranar da ka rufe ta, ka mai da tasha gida, ka ce ka zauna ke nan."

Wada ya ce ya ji ya yarda. Da muka fito na ce masa, "Ya zol, mutumina, ka san ta ina iska take shigowa a garin nan kuwa?" Ya ce ya sani. Na ce to shi ke nan, kai za ka sha.

Aiki ne da ban taɓa yin irinsa ba. A yi liƙi, a yi shafe, a sake kwanon rufi, amma kada bulo sabo ya hau kan wani. Malam Sale yana zaune a buzunsa yana kallon hannuna kamar wanda aka ba gadin ɓarawo. Murhu ma da duwatsu muka jera shi, ba siminti. Mun kwashe kashin jemage buhu-buhu, manoma suka yi rububinsa. Muka shafe bango da farar ƙasa. Tagar tikiti ta zama inda ake miƙo abinci, tsohon sikelin kaya da ya ƙi ɗaguwa aka ɗora masa faifai ya zama teburin burodi. Kujerun jira na katako kuwa wankewa kawai suka buƙata, har yau ba ɗaya da ta yi ƙara.

Aka buɗe, kuma wuri ya karɓu. Da safe ful, wato dafaffen wake, da shayi, da rana kisira da miyar kuɓewa, da yamma agashe da gahawa. Direbobi suka fara karkato da motocinsu, 'yan kasuwar riɗi suka biyo su. Ba a sa wa wurin suna ba, mutane suka ci gaba da cewa mahatta, sai dai yanzu in an ce "mu haɗu a mahatta" ciki ake nufi.

Sai damina ta zo ta yi abin da na faɗa. Ruwa ya riƙa shigowa ta ƙofar dogo a kwance, ya wanke rabin zauren, mutane su tattara kwanukansu su maƙale a bango ɗaya. Baƙar lakar nan tamu da take cire wa mutum takalmi, awaki su kwaso ta su shigo da ita har gindin tukunya. Da rani kuma iska ta ɗebi toka ta yayyafa wa mutane a miya. Wada ya rataya tabarma, iska ta ɗauke. Ya ɗinka buhuna, suka ruɓe. Ya sayo tamfol, tsoho ya duba ya ce wannan ba laifi tunda ana naɗe shi, amma kullum ya zo sai ya sa a naɗe don ya ga hanya. Ga shi wutar girki dole a kusa da ƙofar take, don nan ne kaɗai hayaƙi yake samun mafita. Na ce masa bango ɗaya da bututun hayaƙi sun kashe wannan maganar gaba ɗaya, aikin da ba zai cinye mini yini biyu ba. Ya ce, "Baba." Na ce Baban ne yake shan hayaƙin?

Haka aka yi ta lallaɓawa har shekarar da aka sake buɗe sansanin Umm Rakuba saboda mutanen da suka gudo daga Habasha. Motoci suka ƙaru a hanya, cin abinci ya ninka, Sharifa ta koma wuni a gaban doka, wato faifan ƙarfen da ake zuba kisira a kai. Wata rana da azahar guguwa ta shigo ta ƙofar, ta kwantar da harshen wuta a kan mayafinta. Kafin a kashe, hannunta na dama ya ƙone daga wuyan hannu zuwa gwiwa. Ta warke, amma fatar ta tattare, kuma ba ta iya miƙe hannun sosai. Ta ce wa Wada a gabana, "Ni ba jikar Malam Taha ba ce. Ban yi wa kowa alkawarin in gasu ba. In ba bango, ba ni ba wutar nan." Ban ga laifinta ba. Ta koma gida ta zauna, aka ɗauko wata mata, kisira ta yi kauri, masu ci suka fara tambaya.

Wada ya sake komawa ya durƙusa. Malam Sale ya ji tausayin surukarsa ƙwarai, har hawaye ya yi da ya ga hannun, kuma shi ya riƙa yi mata tofi safe da yamma. Amma da aka zo maganar ƙofa sai ya ce, "Ba maganata ba ce, Wada. Cewa aka yi har sai an isa."

Wannan kalmar Wada ya ɗauko ya zo mini da ita. Ya ce, "Usta, ka ji? Har sai an isa. To a isa mana." Nufinsa ya kai tsoho Makka. In ya sauke farali, niyyar Malam Taha ta cika, hanya ta ƙare, wasiyya ta sauka da kanta. Ba saɓa wa uba, ba kuma ƙona mata. Wallahi dabarar ta burge ni, na ce ashe shirun nan naka ba na banza ba ne. Liman ya ji ya ce madalla, Sharifa ta ji ta ce za ta jira. Duk unguwa haka muka fahimci maganar. Ba wanda ya ga dalilin tambayar tsoho abin da zai biyo bayan isa, don abu ne da kowa yake ganin a fili yake.

Ya sha wuya kafin abin ya haɗu. Ya sayar da 'yar gonar da ya saya a hanyar Hawata, ya daina ɗinka sabuwar riga, ya rame har wuyansa ya fito. Malam Sale da farko ya ƙi, ya ce da guminsa ya yi niyyar zuwa. Wada ya ce gumin ɗa ai na uba ne. Da annobar nan da ta rufe duniya ta lafa aka buɗe hanya, sunan tsoho ya fito a cikin maniyyata. Muka raka shi tashar mota, ya tafi Sawakin, daga can ya hau jirgin ruwa. Mutumin da ya shekara saba'in da wani abu yana cewa yana hanya, ranar na fara ganinsa da jaka a hannu.

A makon da ya tafi Wada ya sa aka sauke bulo da yashi a gefen tasha. Na ce mu yi mu gama kafin ya dawo, ya tarar da aiki a bushe. Ya ce a'a. Yana so Baba ya dawo Alhaji, ya ɗora bulon farko da hannunsa, ya zama shi ne ya rufe hanyar da ubansa ya buɗe. Na ce kwayyis, da kyau, ni dai a sanar da ni ranar.

Alhaji Sale ya dawo lafiya, ya yi haske, muryarsa ta ƙara laushi. Aka yanka rago, aka sha zamzam a ƙananan kofuna, aka raba dabino da carbi. Da 'yan barka suka tsagaita, wata safiya Wada ya aiko mini. Na zo da cokalin gini da igiya, na kwaɓa siminti. Sharifa ma ta zo, ta tsaya a tagar tikiti. Tsoho ya iso ya shimfiɗa buzunsa a inda ya saba. Abin da na lura shi ne ya ɗan karkata shi. A da gabas yake fuskanta in ya zauna, ranar kuwa ya juya yana kallon inda layin ya nufi yamma.

Wada ya ɗauko bulo ɗaya da hannu biyu ya durƙusa. Ya ce, "Alhaji, an isa. Ka sa mana albarka, ka ɗora na farko."

Tsoho ya dubi bulon, ya dubi tulin da ke waje, kamar ranar ya fara ganinsu. Ba fushi a fuskarsa, mamaki ne kawai. Ya ce, "Wada, wa ya ce maka an isa? Wanda ya sauke farali ai gida yake komawa. Baba bai bar ƙauyensu don ya tare a Makka ba, cewa ya yi da su zai je ya dawo. Rabi muka yi. Yanzu ne ma muka kama hanyar gida."

Na ajiye cokalina. Innalillahi, na ce a raina, an gudu ba a tsira ba.

Wada ya ce, "Wane gida, Baba?"

Ya faɗi sunan ƙauyen.

"Ka taɓa ganinsa?"

"Ban taɓa ba."

"Wa muke da shi a can?"

"Allah ne ya sani. Wataƙila ba kowa."

"To yaushe za mu tafi?"

Alhaji Sale ya ja carbinsa ya ce, "Baɗi, in riɗi ya yi kyau."

Ba wanda ya yi dariya. Sharifa ta ja mayafi ta rufe hannunta, ta juya za ta fita. Wada yana nan durƙushe da bulo a hannu, siminti yana shan iska. Sai ya miƙe ya ɗauki cokalina, ya ɗebi siminti ya zuba a kusurwar ƙofar, ya ɗora bulon da kansa. A karkace ya ɗora shi, mai nama ne ba magini ba. Ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ka yafe mini, Baba. Ni a nan aka haife ni, a nan na haifi nawa. Na zauna."

Tsoho bai ɗaga murya ba, bai yi baki ba. Ya naɗe buzunsa ya ce, "Usta, dakata in wuce kafin ka ja igiya." Ya tsallake bulon ya fita ta ƙofar dogo, ya shimfiɗa a waje, a ƙarƙashin 'yar rumfar kwanon da fasinjoji suke tsayawa a da. Na gyara bulon Wada, na ja igiya, na ci gaba. Ina ɗorawa ina ganinsa, farko duk jikinsa, sannan kafaɗu, sannan hula. Washegari na gama, na fitar da bututun hayaƙi ta sama, na gina murhu na gaske. Bango ne mai kyau, ban yi masa ha'inci ba.

Sharifa ta dawo kan doka, da hannun hagu take shafa ƙullu yanzu, kuma kisirar ta koma yadda take. Ruwa bai sake shiga zauren ba. Da yaƙi ya koro mutane daga Hartum da Madani suka cika garin, wurin ya ɗauki jama'ar da da ƙofar tana buɗe ba zai ɗauka ba. Ta wannan fuskar ba wanda zai ce Wada ya yi kuskure, kuma ni ban ce ba.

Alhaji Sale bai sake taka cikin ginin ba, ko ta ƙofar gari. Bai kuma daina zuwa ba. Kullum yana bayan bangon a kan buzunsa. Da azahar Wada yakan bar wuta, ya zuba abinci da kansa, ya fita ta ƙofar gari, ya kewaya ginin gaba ɗaya ya kai masa. Mutane sun zaci tsoho zai ƙi ci. Yana ci, har ya suɗe, ya ce matafiyi ba ya mai da abincin da aka ba shi. Ba gaba suke ba, suna gaisawa, yana tambayar lafiyar yara. Abu ɗaya ne ya sake. Tun ranar bulon nan bai ƙara kiransa Wada ba, ko ɗana.

Na sha zama a wurin ina gani. In ya gama ci sai ya wanke hannu, ya ɗaga su sama ya ce, "Allah ya saka wa mai masauki da alheri, ya ba shi ladan ciyar da baƙo, ya tsare masa gidansa." Wada yana durƙushe a gabansa, da furfura a gemunsa shi ma, sai ya ce amin, ya ɗauki kwanon ya sake kewaya ginin.